Gawayin da Muka Shafa wa Shaiɗan

Maganar yau ba ta da daɗin ji, kuma mun san akwai masu cewa mun ɗauki abin wasa da zafi. Gaskiyarsu, da zafi muka ɗauke shi, kuma za mu faɗi dalili.

A makon matasa da ya wuce, ranar Asabar da yamma, an yi wasan kwaikwayo a majami'a. Labarin ba shi da laifi: saurayi ya baro ƙauye ya zo Sakkwato karatu, jaraba ta kewaye shi, daga baya ya tuba. Laifin yana wajen rabon aiki. Yarinyar da ta fi kowa hasken fata ita aka ba mala'ika. Yaron da ya fi kowa duhu shi aka ba Shaiɗan. Sannan aka ga kamar duhunsa bai isa ba, aka daka gawayi aka kwaɓa da mai aka shafa masa a fuska, aka zagaye masa leɓe da jan-baki. Yana fitowa sai wani daga kujerun baya ya ɗaga murya ya ce, "Ai wannan ko ba gawayi ma ya isa!" Majami'a ta ɗauki dariya. Mu da muke zaune a gaba, fastoci da dattawa, mun dara tare da ku, don haka kada wani ya ɗauka mun hau tudu ne muna nuna ku da yatsa. Yaron ma ya yi murmushi ya ƙarasa wasansa. To me zai yi, a gaban mutane cike da majami'a? Yau Lahadi biyu ke nan kujerarsa a cikin mawaƙa babu kowa a kai.

Abin da ya sa wannan ya tsaya mana a rai shi ne, mun san yadda muke tafasa idan wani ya yi mana irinsa. Ranar 21 ga Mayu 2023, a filin Mestalla na birnin Valencia, 'yan kallo suka riƙa kiran Vinicius na Real Madrid biri, suna kwaikwayon kukan biri. A gidajen kallon ƙwallo na garin nan har waɗanda ba sa ƙaunar Madrid sun ji haushi. Da kotun Sifaniya ta yanke wa mutum uku ɗaurin wata takwas a Yunin 2024, wasunmu cewa suka yi hukuncin ya yi kaɗan. A Satumbar 2023 kuma abin ya taɓa namu na gida. Victor Osimhen ya ci wa Napoli ƙwallo 26 a gasar Italiya, ya taimaka ta ɗauki kofin da ta shekara 33 ba ta gani ba. Da ya ɓarar da fenariti a wasansu da Bologna, sai shafin ƙungiyar na TikTok ya saka bidiyo ana yi masa ba'a, ga kuma wani da ke kwatanta shi da kwakwa. Da duniya ta yi ca, ƙungiyar ta ce ba ta yi nufin cin mutuncinsa ba. Ku tuna abin da aka riƙa rubutawa a zaurenmu na WhatsApp a wannan makon. Ba wanda ya yarda da wannan uzuri, ko mutum ɗaya. Amma da aka tambayi masu shirya wasanmu dalilin shafa gawayi, amsar da suka bayar ita ce dai ta Napoli: ba mu yi nufin komai ba, wasa ne. Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Shi wannan gawayin yana da tarihi, kuma ya kamata ku san shi. Wajen shekarar 1830 a Amurka, wani Bature ɗan wasa mai suna Thomas Rice ya fara shafa baƙi a fuska, ya sa tsummoki, ya hau dandali yana rawa yana karya harshe, wai yana kwaikwayon baƙar fata. Sunan da ya ba wannan mutumin na wasa shi ne Jim Crow. Turawa suka riƙa biyan kuɗi suna kallo suna dariya, wasu suka kwaikwaye shi, abin ya zama sana'a ta shekaru masu yawa: baƙar fuska, leɓe da aka ƙara wa girma da fenti, mutum malalaci, wawa, mai tsoro, mai satar kaji. A lokacin miliyoyin baƙaƙe suna cikin bauta a gonakin auduga, kuma wanda ya saba dariyar mutum a dandali da dare ba ya jin nauyin ganinsa cikin sarƙa da safe. Bayan an hana bauta a 1865, jihohin kudancin ƙasar suka kafa dokokin wariya: makaranta daban, wurin shan ruwa daban, kujerar mota daban, har maƙabarta daban. Sunan da aka san waɗannan dokoki da shi har yau shi ne Jim Crow, sunan wancan wasan. Sai a 1964 aka rushe su. Masu shirya wasanmu ba su taɓa jin sunan Thomas Rice ba, mun yarda. Amma fuskar da suka zana ranar Asabar, har da jan leɓen, ita ce fuskar da ya zana.

A Satumbar 1906 kuma, a gidan namun daji na Bronx da ke New York, an ajiye wani mutumin Kwango mai suna Ota Benga a sashen birai, jama'a suna tururuwa suna kallonsa suna sheƙa dariya. Waɗanda suka tashi suka ce ba za a yi haka ba fastoci ne baƙar fata, a gabansu akwai Rabaran James Gordon. Sun sa an fitar da shi, amma abin bai bar shi ba. A 1916 ya kashe kansa. Duk lokacin da kuka ji ana kukan biri a filin ƙwallo, daga wannan rijiyar ake ɗebowa. Kuma abin kunya ne a gare mu fastocin yau a ce na 1906 sun tsaya sun hana, mu kuwa mun zauna a kujerar gaba muna tafi.

Wani zai ce ai wannan labarin Turawa ne, mu duka baƙaƙe ne, ina ruwan baƙi da wariyar launi? Sai mu dawo gida. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a Maris 1903, kuma ƙasar da suka samu cike take da bayi, a gonaki da rumada da cikin gidaje. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Akwai tsofaffi a cikinmu da iyayensu suka ga wannan zamani da idonsu. Da yawa daga cikin masu cika majami'un garin nan jikokin mutanen da aka riƙa kai wa hari ne, waɗanda suka hau duwatsu suka ɓuya, ko aka kama 'yan'uwansu ba a sake jin labarinsu ba. Wasu kuma, mu faɗi gaskiya, kakanninsu sun kama sun sayar. Kalmomin wancan zamani ba su mutu ba. Har yanzu idan ana neman aure a wasu gidaje akan tambayi asali a ɓoye, kuma kowa ya san abin da ake nufi. Har yanzu idan aka ga mutum baƙi ƙirin mai ƙirar ƙarfi sai a ce wannan kamar bawa, a yi dariya.

Idan kuna ganin ya wuce, ku hau mota a tashar Illela ku ƙetara zuwa Birnin Ƙonni. A wannan yankin ne aka sayar da Hadijatou Mani a 1996, tana da shekara 12, a kan sefa 240,000, don kawai uwarta baiwa ce. Aka mai da ita wahaya, wato mace ta biyar da ba a ɗaura mata aure ba, ta yi bauta shekara tara ta haifi 'ya'ya. Da ta samu takardar 'yanci a 2005 ta auri wanda take so, sai aka kai ta kotu aka yanke mata ɗaurin wata shida, wai ta yi aure a kan aure. Sai ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ECOWAS ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Wasu daga cikinku an riga an haife ku a lokacin. A Nuwambar 2017 kuma tashar CNN ta nuna bidiyon gwanjon baƙaƙen fata a Libiya, ana sayar da mutum dala 400, kuma hanyar da yawancinsu suka bi ta Agadas ce, hanyar da samarinmu ma suke bi. Wannan ita ce kalmar da muke jifan juna da ita a bakin rijiya da wajen koyon waƙa, muna cewa wasa ne.

Hujja mafi ƙarfi da aka kawo mana ita ce ta barkwanci, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Aka ce, Fasto, ƙasar nan da wasa aka san ta. Bagobiri yana tsokanar Bayarabe, Bafulatani yana tsokanar Babarbare, Bakano da Bazazzagi ba sa haɗuwa su rabu ba su taɓa juna ba, har "bawana" suke kiran juna, kuma ba a taɓa jin an zub da jini a kai ba. Haka ne. Abu ne mai kyau da kakanni suka bar mana, ya kashe faɗa da yawa tun kafin ya tashi, har UNESCO ta sa na Nijar cikin jerin al'adun duniya a 2014. Ba mu zo mu hana ku dariya ba, kuma Kirista mai ɗaure fuska kullum bai fi kowa tsarki ba.

Amma ku dubi yadda barkwanci yake tafiya. Idan Bafulatani ya ce wa Babarbare bawana, nan take Babarbare zai ce kai ne nawa, ya ƙara masa da labarin da zai sa kasuwa ta juya tana yi wa Bafulatanin dariya. Kowa yana da abin ramawa, kowa ya san abokin wasansa, kuma duk wanda ya wuce gona da iri jama'a ce za ta tsawata masa. Su biyun suna tashi ba wanda ya ragu. Yanzu ku gaya mana, me yaron nan zai rama da shi ranar Asabar? Wace kalma ce a Hausa za ta sa farar yarinya ta ji kunyar fatarta kamar yadda "baƙi kamar gindin tukunya" ke sa baƙa ta sunkuyar da kai? Babu. Wasan da kullum gefe ɗaya yake gangarawa, mai bugu ɗaya mai shan bugu ɗaya, sunansa cin fuska. Kuma gwajin ba shi da wuya: a wasa na gaskiya wanda aka taɓa yakan dawo gobe da nasa. Wanda ya daina zuwa ya riga ya ba ku amsa. Ku buɗe Karin Magana 26:18-19 ku karanta da kanku. Marubucin ya kwatanta mai cutar maƙwabcinsa sannan ya fake da wasa da mahaukacin da ke wurga wuta da kibiya cikin jama'a.

Kuma mu, a duk mutanen garin nan, mu ne bai kamata a koya wa wannan ba. Wane ne a cikinmu bai taɓa jin an kira shi arne ba, wani lokaci da murmushi, daga bakin wanda yake ganin bai faɗi komai ba? Wane ne ya je Legas ko Fatakwal bai ji yadda ake furta "aboki" kamar ana kiran wawa ba? Mun san ɗacinsa sarai. Duk da haka a cikin zumuntarmu wanda ya kasa gane magana Bagware ne, wanda Hausarsa ba ta fita gwaranci yake yi, alhali mutanen suna da sunansu, Gbagyi, kuma wasunsu suna zaune a benci ɗaya da mu. Ɗan'uwa Ibo da ke buga mana jita har yau Inyamiri ne. Mutumin Tibi ya gaya mana sau nawa ba ya son a ce masa Munci? Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Akwai kuma wata karkatacciyar koyarwa da ke kwance a ƙarƙashin gawayin nan, kuma mun taɓa jin ta a bakin wani malamin makarantar Lahadi: wai baƙar fata la'anar Ham ce. Ku buɗe Farawa sura 9. Nuhu bai la'anci Ham ba, Kan'ana ya ambata, kuma babu inda aka yi zancen launin fata a duk surar. Kush, wanda daga gare shi mutanen kudancin Masar suka fito, wani ɗa ne daban na Ham, kamar yadda sura 10 ta nuna, kuma ba a ɗora masa komai ba. Masu bayi a Amurka da fastocin da ke cin abincinsu su ne suka riƙe wannan fassara da hannu biyu, saboda tana ba su barci mai daɗi. Abin mamaki ne a ce Turawa da yawa sun yar da ita, mu da aka ƙirƙira ta domin a ɗaure mu muna koya wa yaranmu.

Inda Littafi Mai Tsarki ya taɓa wannan batu kai tsaye, ba gefenmu ya tsaya ba. A Littafin Ƙidaya sura 12, Maryamu da Haruna suka yi gunaguni a kan Musa saboda ya auri mutuniyar Kush. Ubangiji ya kira su ukun ya yi magana, kuma da girgijen ya tashi sai ga Maryamu ta kuturce, jikinta ya yi fari fat. Kwana bakwai ta yi a bayan zango. Ba za mu ƙara wa nassin abin da bai faɗa ba, amma ko yaro ya lura da launin da hukuncin ya zo da shi. A Irmiya 38, sa'ad da manyan Yahuza suka jefa annabi cikin rijiya mai laka, Ebed-melek mutumin Kush ne ya je gaban sarki ya roƙa, ya nemo tsummoki don kada igiya ta yanke wa annabin hammata, ya jawo shi. A Ayyukan Manzanni 8, mutumin Habasha ne Filibus ya yi wa baftisma a hanyar Gaza. A sura 13, cikin annabawa da malaman ikilisiyar Antakiya da suka ɗora wa Bulus da Barnaba hannu, akwai Saminu wanda laƙabinsa Baƙi. Da a zumuntarmu yake, wane matsayi za mu ba shi a wasan Asabar?

Wani ɗalibi ya ce ai Littafi da kansa yana maganar haske da duhu, kuma Hausa ma tana cewa farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini. Hasken da Yahaya yake magana a kai na rana da dare ne, na mai gani da mai lalube, ba ruwansa da fatar kowa. Bulus ma ya gargaɗi Korintiyawa cewa Shaiɗan yakan zo ne da kamannin mala'ikan haske, don haka idan daidai muke so mu yi, kyakkyawa mai fara'a ya kamata mu ba wannan matsayi. Hausar kuma ba mu ce a canja ta ba. Ita ce dai take kiran mace mai rashin sa'a farar ƙafa, take kuma kiran harafin da ake karatu da shi baƙi.

Kada ku ɗauka abin yana ƙarewa da dariyar. Ku dubi hannuwan wasu 'yan'uwanmu mata idan suna tafi a sujada: fuska ja, gaɓoɓin yatsu baƙi. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man sauya launin fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ce abin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Wasu mayukan suna ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda, wasu suna cinye fata har ta yi siriri, rauni ya ƙi warkewa, ga zafin ranar Sakkwato a kai. Mun sha hawa bagade muna yi wa 'yan mata faɗa a kan bilicin, muna kiransa son duniya. Ba mu taɓa tsayawa mun tambayi wanda ya koya musu ba. Yarinyar da tun tana aji ɗaya ake ce mata in an ɗauke wuta ba a ganinta sai haƙora, wadda ba a taɓa ba ta mala'ika ko Maryamu uwar Yesu a wasan Kirsimeti ba, wadda ta ji samarin zumunta suna cewa su dai fara za su aura ko mayya ce, ba ta bukatar talla a talabijin kafin ta nufi kasuwa. Mu muka tura ta, sannan muka tsaya a ƙofar majami'a muna duban yatsunta. Yakubu 3:9 yana mamakin yadda harshe ɗaya zai yabi Allah ya kuma zagi mutumin da aka yi cikin kamannin Allah. Ranar Asabar tsakanin waƙar yabo da waccan dariyar bai kai minti goma ba.

Mun je gidan su yaron ranar Talata, mu biyu da wani dattijo. Mun roƙi gafararsa a gaban mahaifiyarsa. Shi bai ce komai ba sai "ba komai, Baba," idonsa a ƙasa. Mahaifiyar ce ta yi magana. Ta ce tun yana firamare yake dawowa gida da irin waɗannan sunaye, kullum tana gaya masa ya yi haƙuri, a majami'a ba za a yi masa haka ba.

Mun zauna da shugabannin zumunta, kuma ga abin da aka tsayar. Ba za a sake shafa wa kowa gawayi ko baƙin fenti a wasan majami'ar nan ba. In ana son a nuna Shaiɗan, a nemi wata alama. Rabon matsayi a wasan Kirsimeti mai zuwa za a yi shi ne bisa wanda ya iya, kuma za mu duba jerin sunayen kafin a fara gwaji. Masu kula da zauren WhatsApp za su goge duk hoto ko sitika da ke ba'a da launi ko ƙabilar wani, su kuma kira wanda ya turo su yi masa magana a keɓe. Wanda ya ɗaga murya daga kujerun baya, mun san shi, shi ma ya san kansa. Ba za mu kira sunansa a bagade ba. Gidan yaron ba shi da nisa da nasu, kuma muna sa ran ya riga mu komawa can kafin Lahadi.